Darnin da Gara Ke Ci

Tun da aka kafa dokar kara, ko ganye ɗaya ba ya kwana a gona bayan girbi. Motocin hukuma ke kwashe komai zuwa injin wutar birni. Ƙasa ta yi fari fat, ko ruwa ya sauka ba ta ƙamshi. Karan darni kaɗai doka ta bar wa manomi.

Shi ya sa Baba Jatau yake kafa darni layi-layi a tsakiyar gonarsa, bai kewaye komai ba. Ran nan yana ɗaura na bana a kan ruɓaɓɓen na bara, sai ga Sallau, malamin karɓar kara.

"Baba, me kake killacewa a nan?"

"Iska."

"Na bara fa? Doka ta ce a miƙa tsohon darni."

"Gara ta cinye. Je ka kamo ta."

Sallau ya shuri gindin darnin a fusace. Baƙar ƙasa ta buɗe, wani jan abu ya motsa a ciki. Ya yi tsalle baya. "Maciji!"

Baba Jatau ya tsuguna, ya mayar da ƙasar a hankali.

"Ba maciji ba ne, ɗan nan, tana ce mai raya ƙasa. Ita ta ciyar da ubanka. Matsa, kana taka mini kara."