Fataken Agadas

Umair ya dire wani kwali a gaban amininsa Babaji.

"Duba abin da na sayo a kasuwa! Wasana ne, Fataken Agadas."

Shekaru ya yi yana tsara shi. 'Yan wasa za su zauna a tabarma, kowa ya ja kati ya zama madugu ko maharbi ko ɗan fashi, mai ba da labari ya ratsa da su hamada. Ya kai wa Malam Idi mai maɗaba'a a Ƙofar Kwaya, aka ce ya jira a gama buga fastocin 'yan takara. Ga shi an gama zaɓe, soja sun miƙa mulki, wasa ya fito da sunan wani kamfani, babu sunansa ko'ina.

"Ka bar shi da Allah," in ji Babaji. "Idi ba ya da kunya, jama'a zai tara maka."

"Wallahi sai na je. Tashi ka kai ni."

Da ƙyar Babaji ya tada mota. Da suka isa, ya ce zai jira a ciki.

Umair ya faɗa shagon yana huci. "Malam Idi, amanar da na ba ka ke nan?"

Idi ya dube shi da mamaki. "Wace amana? Ai cewa aka yi ka sayar da shi." Sai ya hango motar, ya washe baki.

"Yawwa, ga ma mai kamfanin. Alhaji Babaji! Sauran kwalayenka sun kammala, a zuba a but?"

Umair ya waiwaya. Babaji na ɗaga gilashin mota a hankali.