Dardumar da Ta Kalli Yamma

Suna dukan ƙofa na zura mata hijabina, na tura ta kan darduma.

"Ki durƙusa, kada ki ɗago," na ce.

Maƙwabciyata ce, Kirista 'yar Ibo, mai ɗinki a Gyaɗi-Gyaɗi. Shekara biyar da komawar soja bariki, ran nan gari ya rikice tun hantsi, ana bin irinsu gida-gida. Ta katanga ta tsallako min, ƙafa ba takalmi.

Akwai "Ba a shiga" a bangon zaurena, amma tun da maigidan ya rasu rubutun ya zama ado. Suka ɓalle sakata.

Wanda ya fara shigowa mahauci ne a kasuwar Tarauni. Shi ne ke faɗa wa mutane wai gidan da ba namiji ba gida ba ne, wai da arna nake cin abinci. Wuƙar aikinsa na hannunsa.

Ya dube ni, ya dubi mai sujada. Na bi idonsa. Garin sauri, yamma na shimfiɗa dardumar.

Ya daɗe yana kallonta.

"Mata ne ke sallah!" ya daka wa na bayansa tsawa. "Ku fita!"

Da ya kai bakin zaure ya tsaya, bai waiwayo ba, ya rage murya.

"Hajiya, juya mata dardumar gabas. Wasu na tafe bayanmu."