Ƙafar da Ƙudaje Ke Bi

Tun da aka kawo injin rufe ciwo asibitoci, ba a ƙara ganin mai gyambo a garinmu ba. Ka miƙa ƙafa, minti biyar ka fito sumul. Masu wankin ciwo duk aka sallame su.

Ranar Talata na kai Baba gidan Inna Dudu, wadda ta shekara talatin tana wanke gyambon masu ciwon suga. Sau uku injin yana rufe masa diddige, zazzaɓi ya ƙi sauka.

Ba ta taɓa shi ba. Ƙudaje biyu ta zuba wa ido. Na kore su, suka dawo daidai wurin, kan fata mai sheƙi.

Ta dubi Baba ta ce, "Malam Sallau, ba ka warke ba, rufe ka aka yi. Irin wannan daga ƙasa yake cikowa, sai da wanki kullum. Kande, tafasa min almakashi," ta ce wa jikarta.

Na lura tsufa ya cim mata.

"Inna, wa kika koya wa?" na tambaya.

"Wa ya zo koyo?"

Na fita ɗebo ruwa. Mutane suna ta wucewa kasuwa, kowa ƙafarsa sumul. Sai na fara lura da waɗanda ƙudaje ke bi.