Wane Ɗayyabu?

Zauna in ba ka wani misali, tunda na ji sunan da kuke kiran ɗan'uwan nan naku da shi kuna dariya. Ban yi karatu mai nisa ba, amma wannan kam na san shi.

An yi wani kafinta da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙanen Allah ya yi shi da nauyin fahimta, abin da wani zai ɗauka a yini shi sai ya shekara yana juya shi. Tun suna yara aka sa su makarantar allo. Sa'o'insa suka wanke allo suka sake wankewa, shi yana nan a kan haruffan farko, alu, ambaki, bai kai ga wau ba. Ga shi in yana sauraro bakinsa a sake yake. Wata rana wan, don yara su san shi ba irinsa ba ne, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Ga Ambaki nan." Makaranta ta kwashe da dariya. Shi ma ƙanen ya yi dariya, don ya ga wansa yana yi. Ba a jima ba malam ya ce a bar shi a gida, kansa ba ya ɗauka. Karatu ya tsaya, suna ya bi shi.

Iyayensu kaɗai suka ci gaba da kiransa Ɗayyabu, sunan da aka yanka masa rago da shi. Da suka rasu sai sunan ya bi su kushewa. Kafinta ya koma wani gari da sana'arsa, ya tafi da ƙanen. Bai bar shi da yunwa ba, bai bar shi da tsumma ba. Sai dai ba ya cin tuwo da shi a kwano ɗaya, in baƙi sun zo ya tura shi bayan shago, in an tambaya kuma ya ce, "Ambaki ne, wani ne daga garinmu nake riƙo saboda Allah." Har yabonsa ake yi a kan haka, yana karɓa. Shi kuwa ƙanen ya samo wa kansa aiki ba wanda ya sa shi. Kowace salla yakan jera takalman masallata a ƙofar masallaci, ya juya su suna kallon waje, kuma bai taɓa haɗa ƙafar wani da ta wani ba. Yana ɗaukar wa tsofaffi tulu. Kowa ya wuce sai ya gaishe shi da cikakken sunansa.

Shekara goma sha ɗaya ana haka. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, ran na huɗu da hantsi ya cika. Kafinta ya rufe masa baki da hannunsa, a nan ne abin ya fara cin sa. Ya je wurin ladan ya ce a yi sanarwa, Allah ya yi wa ƙanensa Ɗayyabu rasuwa, za a sallace shi bayan azahar. Ladan ya faɗa a lasifika sau uku. Masu shago suka ɗaga kai suka ce, "Wane Ɗayyabu? Ashe kafinta yana da ƙane? Hala a garinsu ne, ma je gaisuwa." Kowa ya koma kan harkarsa.

Aka idar da azahar, jama'a suka watse, wasu ma a masallatan kasuwa suka yi tasu. Aka ajiye makara. Kafinta ya waiga ya ga mutum bakwai, har da liman. Ya sha jin malamai suna cewa in mutum arba'in suka tsaya wa mamaci, ana sa ran Allah ya karɓi roƙonsu a kansa. Ga wanda bai taɓa saɓa wa kowa ba zai tafi da sahu ɗaya wanda bai ko cika ba. Ladan ya matso ya ce a hankali, "Malam, ba su gane ba ne. In faɗi wanda suka sani?" Kafinta ya dubi likkafani. Sannan ya shiga da kansa ya kama lasifika, ya ce, "Jama'a, Ambaki ne. Ƙanena ne, nono ɗaya muka sha. Sunansa Ɗayyabu."

Kafin ya fito an fara rufe shaguna. Mai shayi ya bar tukunya a wuta, mahauta suka zo da jini a riga, tsofaffi suna dogara sanda. Sahu ya kai har bakin titi. Aka kai shi, aka dawo, aka shimfiɗa tabarmi. Duk wanda ya durƙusa gaban kafinta sai ya ce, "Allah ya jiƙan Ambaki." Ya gyara wa na farko, ya gyara wa na biyu, ya gyara wa na goma. Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida, ta ce a gaya masa muddin tana numfashi ba za ta daina sa Ambaki a addu'a ba. Kafinta ya buɗe baki zai gyara, sai ya sunkuyar da kai ya ce amin.

Shi ya sa Hausawa suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.