Mota ta Huɗu

Ƙarfe tara na kowace Litinin Injiniya takan fito filin bayan masana'anta da na'urar auna launi a hannunta. Motoci huɗu ne a jere cikin rana, irin masu shiga daji da hawa duwatsu. Ba a taɓa tayar da ko ɗaya ba. Aikinsu kawai su tsaya rana ta gasa su.

Duk mai irin wannan mota ya san ciwon: baƙar robar bamba da ta saman tayoyi, da ta shekara a rana sai ta koma launin toka. Kamfanin ya sa mutum huɗu kowa ya haɗa man da zai dawo da baƙin, ya kuma riƙe shi. Aka ba kowa koɗaɗɗiyar mota, ya shafa nasa sau ɗaya, ya liƙa sunansa a gilashi. Ba mai sake shafawa sai bayan shekara biyu. Wanda nasa ya fi a ba shi shugabancin sashensu, sauran ukun a sallame su.

Injiniya ta haura hamsin, tana da yara uku a makaranta, kuma ta san ba wanda zai ɗauke ta aiki a wani wuri. Tata ce mota ta huɗu, can kusa da ɗakin maigadi.

Maigadin tsohon soja ne, Saje ake ce masa. Kullum a goge yake, takalminsa har mace za ta iya gyara ɗaurin ɗankwali a cikinsa. A duk ma'aikatan ita kaɗai ke tsayawa ta gaishe shi, ta tambayi gwiwarsa. Shi kuma sai ya ƙame ya sara mata.

"Motarmu tana nan lafiya, ranki ya daɗe."

"Allah ya sa, Baba."

Bayan wata shida ta ɗaya ta yi fari-fari, ta biyu ta yi dabbare-dabbare, ta uku ta fara ɓarewa kamar tsohon fenti. Ta huɗu tana nan baƙa wuluk. Injiniya ta auna sau uku, ta canza wa na'urar batir, ta sake aunawa. A ɗakin gwaji man nata bai taɓa wuce wata huɗu ba. Ba ta gaya wa kowa wannan ba.

A wata na tara aka lura tayoyin ma sun yi baƙi, alhali ba ta shafa musu komai ba. Manaja ya zagaya motar sau biyu, hannuwansa a baya.

"Ashe man yana tafiya da ƙafarsa," in ji shi. "A rubuta."

Aka rubuta.

Mai mota ta biyu, wanda hassada ta hana shi sukuni, ya durƙusa ya shinshina bambar, ya ce ƙamshinta na tuna masa safiyar komawa makaranta. Da ya miƙe, farin wandonsa ya yi baƙi a gwiwa. Aka ba shi takardar gargaɗi saboda taɓa motar gwaji.

Sau ɗaya kawai hankalinta ya tashi. A shekara ta biyu, watan da ma'aikata suka yi ta tafiya hutu har aka kawo maigadin wucin gadi, baƙin ya fara disashewa. Mako uku lambar da na'urar ke nunawa tana sauka. Injiniya ta daina cin abincin rana, ta rubuta takardar neman aiki ta ɓoye a aljihun tebur. Litinin ta huɗu ta fito, ta tarar da motar tana ƙyalli fiye da da. Manaja ya kira taro, ya sanar da cewa man yana warkar da kansa. Wani daga hedikwata ya zo ya yi bayanin yadda hakan ke faruwa, har da zane a allo, aka tafa masa.

Shekara biyu ta cika. Aka sallami ukun, aka ba Injiniya ofis mai labule. Kwalba dubu arba'in aka cika, kowace da hoton mota ta huɗu, a ƙasa an rubuta: A shafa sau ɗaya. Ranar Juma'a tana tsaye a taga tana kallon tirela ta ƙarshe na fita daga ƙofa, aka ƙwanƙwasa.

Saje ne, ya zo sallama, ranar ce ƙarshen aikinsa. Ta ba shi kujera ya ƙi zama. Ya ajiye wata ƙaramar jaka a kan teburinta, ya fito da buroshi biyu, da tsumma, da gwangwanin man takalmi da ya kusa ƙarewa.

"Na wanda zai gaje ni ne, 'yata. A gaya masa kullum da sassafe kafin ma'aikata su zo, ya kuma bi har tayoyi; in ya yi sakaci ko na mako ɗaya, motarki komawa take kamar sauran."