Abin da Aka Ɓoye wa Akofa

Elom ya sami Akofa zaune a tsakar gidansu a Lome. Ko akwatinta ba ta buɗe ba tun dawowarta daga Faransa, inda ta je gajeren kwas na hutun jami'a kan harkar kuɗi.

Ya tsuguna gabanta. "Akofa, idan an share makokin mahaifiyarki kawunnaina za su zo neman aurenki."

Ba ta ɗago ba. "Ranar da aka binne Dada na kira ka. Me ka ce min?"

"Na ce ta samu barci."

"Ni kuwa ina ta dariya, ina ba ka labarin malaminmu da kasuwar hannun jari."

"Yayyenki ne suka roƙe ni, saboda jarrabawarki. Dada da bakinta ta ce kar a tayar miki da hankali."

"Ita uwa ce, dole ta faɗi haka. Kai fa? Muryarka ko rawa ba ta yi ba, Elom."

Sai yanzu ta dube shi. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ta san shi ya yi jinyar mahaifiyarta har ƙarshe, kuma har yanzu tana son sa. Abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Ya miƙo hannu, ta janye nata a hankali.

"Ka ce wa kawunnanka su zauna. Duk ranar da ka ce min lafiya lau, gabana zai faɗi. Ba zan iya zama haka ba."