Tela da Farin Zaren Dutse

Kai da ka ce ka gama fahimtar aikin nan tun ba ka sa masa hannu ba, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani tela a wani gari da ke gindin duwatsu. Shagonsa na kallon gabas. Idan ya ɗaga kai daga keken ɗinki, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne wani dogon dutse, baƙi wuluk da rani, kore shar da damina, wanda gajimare kan sauko da safe ya naɗa masa rawani. A jikin dutsen akwai wani farin layi siriri da ya tashi daga gindi ya miƙe har ƙoli, kamar zaren da aka ja a kan baƙin yadi. Shekara talatin yana kallon layin nan har ya haddace shi. Ya san inda ya karkata, ya san inda ya ɓuya bayan wata bishiyar ƙirya ya sake fitowa. A ransa hanya ce. Sau da yawa ƙafarsa na taka keke, hankalinsa na can yana bin ta, sai allura ta tsallake ɗinki sannan ya dawo. Amma gwiwoyinsa sun riga sun gaji, ko matakalar masallaci sai ya dafa bango.

Ana nan sai 'yarsa da ke aiki a birni ta aiko masa da keken hawa na zamani, mai aiki da batir, mai ƙattin tayoyi masu haƙora, irin wanda aka ƙera don tudu da kwari. Ita dai nufinta ya riƙa zuwa shago a huce. Shi kuwa kwana uku ya yi yana zagaya unguwa da shi, ran na huɗu, bayan an kwana ana ruwa, ya ce wa matarsa zai ɗan taka ya dawo, ya juya kan keken gabas. Taku ɗaya zai yi, keken ya yi masa goma. Gonakin dawa suka riƙa wucewa ta gefensa suna kaɗa ganye, raɓa na jiƙa masa bakin wando, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shiga masa har ƙirji. Ya ratsa wani rafi, balbelu suka tashi fari fat a kansa. Ya haye jigawar da ya san ko yana saurayi sai ya yi haki, bai ji komai ba sai wani siririn amo a ƙarƙashinsa kamar kukan ƙudan zuma. Hazon safiya ya buɗe masa ya rufe bayansa. Ji ya yi an cire masa shekara ashirin daga jiki, har ya kama waƙar da ya manta tun yana koyon ɗinki.

Da ya isa gindin dutsen ya sami farin layinsa, bai ko sauke ƙafa ya duba ba. Ya danna maɓallin ƙarin ƙarfi, ya sa kai. Ashe ba hanya ba ce, magudanar ruwa ce. Ruwan damina ne ya shekara aru-aru yana gangarowa ta nan har ya wanke dutsen ya yi fari, ya kuma bar masa gansakuka mai santsi kamar miyar kuɓewa. Keken ya hau da shi tsawon gida uku, sannan tayar baya ta fara juyawa a wuri ɗaya. Ya ƙara takawa, keken ya ɗaga gaba kamar dokin da aka zabura, ya watsar da shi. Ya gangaro yana kama iska har wani kututture ya tare shi, keken ya biyo shi ya faɗi a gefensa, batirin ya fashe.

Ya yunƙura, ƙafar hagu ta ce ba ta san zancen ba. Ya duba waya, babu layi. Sai ya kwanta rigingine a kan dutsen mai sanyi. Can sama ƙolin na nan inda yake, gajimare na wucewa a kansa a hankali, wani shaho na shawagi ba ya ko kaɗa fiffike. Can ƙasa garinsu ya zama ɗan mitsitsi, kwanukan rufi na ƙyalli, ya nemi shagonsa ya rasa. Hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas, ya kuwa san in aka sake ruwa, ta kansa zai bi. Abu ɗaya ya rage da rai a jikin keken, ƙararrawa. Ya miƙa hannu ya yi ta kaɗa ta, sautin na tafiya cikin duwatsu yana dawo masa.

Wani mai gawayi ne da ke saukowa da jakinsa ya bi ƙarar ya same shi. Ya duba ƙafar, ya duba keken, ya ce, "Sannu Baba. Ai ko birai ba sa bin nan da damina. Hanyar hawa tana can ta baya, tafiyar wuni guda ce." Ya sauke buhunansa, ya ɗora tela a kan jaki, shi kuma ya tura keken. Haka suka gangaro a hankali, yayyafi na sauka a kansu, jaki na zaɓar inda zai sa kowane kofato, har suka isa ƙofar mai ɗori bayan la'asar.

To, ka ji. Shi ya sa magabata suka ce: hangen Dala ba shiga birni ba ne.